Inda Rubutun Baban Afnan Ya Tsaya

Al-Azizya, Madina
23 ga Agusta, 1998

Zuwa ga Yayata, Hajiya Sa'adiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwar da ta daɗe ba ta ga fuskar yayarta ba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da yara da duk wanda ke cin tuwo a gidanki. Yaya jikin Inna? Kin ce ƙafar ta sake kumbura. Allah Ya ba ta sauƙi, Ya sa kaffara ce. Yaya damina a Gusau? Mu nan ko hadari ba mu gani, zafi ne kawai, irin wanda ruwan famfo ba ya taɓuwa da rana sai an tara shi a bokiti ya huce. Ni da Afnan muna nan lafiya gwargwado. Takabata saura kwana goma sha tara.

Wasiƙarki ta iso ranar Laraba. Badaru, abokin aikin marigayi, shi ya kawo mini ita har ƙofa, kuma shi zai taho miki da wannan, don jibi zai tafi hutu. Na karanta na yi kuka na ajiye, da haushina ya huce na sake ɗauka. Kin ce Hajiya Ƙaltume, maƙwabciyarmu ta nan Madina da ta zo gida, ta ba da labari a gidan suna cewa ta shigo ta same ni cikin takaba, mijina bai cika wata uku a ƙasa ba, ina kallon aljanu a talabijin ina ƙyalƙyala dariya. Kin ce maganar ta kai Mafara, har Alhaji Maigandi, yayan Baban Afnan, ya ce in haka ne muna sauka zai karɓi yarinyar. Kin ce in gaya miki tsakanina da Allah ko gaskiya ne. Yaya, Hajiya ba ta yi mini ƙarya ba, abin da idonta ya gani ta faɗa. Sai dai minti biyu ta gani daga cikin kwana ɗari da ɗoriya. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, sauran nake so in ba ki.

Kin san ranar Talata ya faɗi a shagonsu na gyaran kwamfuta a unguwar Sultana, bayan la'asar, da sukundireba a hannunsa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Aka yi masa salla a Harami aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, ni ina zaune a falo cikin mata, ban ga makara ba, ban ga kabari ba. Kwana uku gidan a cike, ana ta shayi da dabino da addu'a. A rana ta huɗu kowa ya koma harkarsa, aka bar mu mu biyu da ƙarar mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan da ba ta hutawa. Yaya, takaba a Gusau daban ce. Can akwai tsakar gida, akwai kaji, akwai maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Nan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, taga kuma bangon gidan maƙwabta take kallo, in kin miƙa hannu sai ki taɓa shi. Daga ƙofa zuwa kicin taku tara ne, na ƙirga ba sau ɗaya ba. Ina jin kiran salla, ina jin motar mai sayar da gas tana wucewa, amma rabona da in taka ƙasa tun ranar rasuwa. Ubaidullah, mai shagon, wanda shi ne kafilin marigayi, wato mai tsaya masa a kan takardar zama, mutumin kirki ne. Kakanninsa daga Kano suka zo a ƙasa. Hausarsa ta gurgunce amma zumuncinsa bai gurgunce ba. Duk Alhamis direbansa yakan ajiye mana cefane a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa ya tafi.

Duk wannan da sauƙi a kan abin da ya sami Afnan. Shekararta goma sha huɗu, kuma 'yar babanta ce. Shi ke kai ta makaranta, shi ke ɗauko ta, da shi take zuba hira da Larabcinta, ni kuwa in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da kalma ɗaya. Daga ranar rasuwar ta daina magana gaba ɗaya, Larabcin ma babu. Jarrabawa da ƙyar Suhaila, matar Ubaidullah, ta riƙa kai ta, in ta dawo ta kwanta ta juya wa ɗaki baya. In na kai mata abinci ta yi loma biyu ta ture. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi tofi a ruwan zamzam na ba ta. Suhaila ta kai ta wajen likita, ya ce jikinta lafiya lau. Ƙasusuwan wuyanta suka fito. Ina zaune a falo ina sauraren numfashinta ta ƙofa, ba ni da inda zan kai ta. A kwanakin nan, Allah Ya yafe mini, tsoron rasa ta ya fi mini baƙin cikin wanda na riga na rasa.

Akwai kwamfuta a kusurwar falo, wadda marigayi ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen shago. Duk Juma'a, in ya dawo masallaci ya ci abinci, sai ya zauna gabanta ya toshe kunne da abin sauraro, ya yi awa biyu yana zabura shi kaɗai kamar wanda kunama ke harbi. Na sha yi masa tsiya, ina cewa mutum da furfura a gemu yana wasan yara. Sai ya yi dariya ya ce ba na yara ba ne, shi ya sa ma ba ya barin Afnan ta kalla. Bayan rasuwar na lulluɓe ta da kujerar duka da tsohon zani. Ranar da ya cika kwana arba'in da biyu, bayan azahar, ina wanke-wanke na ji ƙarar fankarta. Na fito da kumfa a hannu na tarar da Afnan a kan kujerarsa, da wani littafin rubutu mai shuɗin bango a cinyarta, wanda ta samo a durowar teburin. Rubutunsa ne, Hausa da boko, ita kuma ba ta iya karanta Hausa ba. Ta ɗago ta miƙo mini, ta tambaye ni da Larabci me Baba ya rubuta a nan. Maganarta ta farko ke nan cikin mako shida. Yaya, da littafin tsafi ta miƙo mini a lokacin, ina jin sai na karanta mata kafin in yi istigfari.

Bari in bayyana miki abin, don na ga Hajiya ta ɗauka talabijin ce. Wasa ne na Turawa a kan faifan sidi guda huɗu. Ba zane ba ne irin na yara, mutane ne na gaske aka ɗauka a fim, sai dai hoton ƙarami ne a tsakiyar gilashin, kuma dishi-dishi, in mutum ya juya da sauri fuskarsa takan farfashe kafin ta sake haɗuwa. Labarin wata mata ce, Rozalin, wadda ƙaninta Tomas ke aiki a jirgin ruwa na dakon kaya. Jirgin ya ɓace wata takwas, sai aka gan shi yana yawo a teku ba mai tuƙi. Ta bi masu ceto ta hau. Kafin ta waiga hazo ya rufe, jirgin da ya kawo su babu shi, waɗanda suka zo tare kuma suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan jirgin suna nan, suna tafiya suna magana, amma kowannensu abin da ya yi a ranarsa ta ƙarshe yake ta maimaitawa. A can ƙasa, a rumbun kaya, akwai wani abu da ba a taɓa nuna shi ba, wanda ke kiran mutum da muryar wanda ya fi so. Duk wanda ya amsa ya tafi ke nan. Da na gane haka sai na tuna Inna tana hana mu amsa kira in ba mu ga mai kiran ba. Ashe Turawa ma sun san da wannan.

Bambancinsa da fim shi ne, yakan tsaya ya jira ki. Rozalin za ta iso mararrabar lungu biyu ta tsaya. Ke kuma kina da wani ɗan abu a hannu, mawus suke ce masa, kina tura shi a kan tebur wata kibiya na yawo a gilashin. In kibiyar ta zama hannu, akwai abin ɗauka ko ƙofar buɗewa. In ta zama ido, akwai abin dubawa. Abin da kika tsinta, makulli ne ko tocila ko sifana, yana taruwa a ƙasan hoton har ranar da zai yi amfani. Wani wurin ba a jira. Za ki ji taku a bayanta, a ba ki kamar ƙirga biyar ki zaɓa mata ɓuya ko gudu, in kika kuskure a nuna miki mutuwarta, sannan a mayar da ke baya ki sake. Kuma daidai lokacin da zuciyarki ke dukan uku-uku sai komai ya tsaya, a ce ki cire faifai ki sa na gaba. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba dodannin ba ne, jiran nata ne. In ba ki taɓa komai ba za ta dubi hagu, ta share goshi da bayan hannu, ta ja numfashi, ta sake duban hagu, ta share goshi, haka ba iyaka. Ran nan muka bar ta muka yi la'asar, muka sha shayi, na dawo na same ta a lungun nan tana share goshi. Ban san lokacin da na ce mata sannu ba.

Littafin kuwa, ashe duk Juma'ar nan hanya yake rubutawa. Ya zana taswirar jirgin hawa-hawa, ya sa alama a duk ƙofar da ta kashe shi. Kuma kin san bakinsa. A wani shafi ya rubuta cewa kada a yarda da kukun jirgin, murmushinsa ya yi yawa, irin na dillalin mota. A wani ya ce ya mutu sau shida a matakala ɗaya, in aka ji labari a shago ya shiga uku. Har ni ina ciki, Yaya. Ya rubuta cewa a nan ya tsaya saboda Mariyamu na kiransa ya ɗauko mata tukunyar gas, kuma muryarta ta fi ta abin da ke rumbun kaya ban tsoro. Ina karanta wannan a bayyane, na kai rabi na tsaya, Afnan ta matsa sai da na ƙarasa. Haka muka raba aiki. Ita ke riƙe mawus, don ta fi ni iya shi. Ni ke karanta littafin, in kuma fassara mata maganar 'yan wasan da ɗan Turancin da ya rage mini na sakandare. Da Hausa nake fassarawa, da gangan. Da farko tana tambaya da Larabci, amma in taku ya matso babu lokacin neman kalma, abin da ta ji daga bakina shi take mayarwa: hagu, dama, ɓuya, gudu. Na sa mata sharaɗi, ba a kunnawa sai bayan azahar, sai ta cinye abin da ke kwanonta, kuma ana kiran salla za a tashi. Ta cinye. Ranar farko har ƙari ta yi.

Ranar da Hajiya Ƙaltume ta shigo muna faifai na biyu, a kicin ɗin jirgin. Ta zo yi mini sallama za ta gida, ta kawo mana dambu, ƙofa kuma na bar ta a buɗe saboda direba. Kukun nan ya juyo da murmushinsa, fuskarsa ta fara narkewa kamar kitse a wuta. Afnan ta kurma ihu ta faɗo daga kujera. Sai kuma muka ga abin sosai, ashe roba ce aka manna masa, har gefenta ya ɗaga a wajen kunne ana ganin fatarsa ta gaske. Tana ƙasa ta nuna shi da yatsa, ta ce da Hausa ai Baba ya faɗa, dillalin mota ne. Ta fashe da dariya har da hawaye, ni ma na bi ta. A haka Hajiya ta same mu. Ta ajiye kwanon, ta yi salati, ta juya. Na bi ta har bakin ƙofa, daga nan kuma ba ni da ikon wucewa, ina tsaye ina jin takunta yana sauka. Ban riƙe ta a zuciya ba. Ni kaina ban ce abin da na yi shi ya fi dacewa da mai takaba ba. Ban bar salla ba, ban bar karatuna na safe ba, ban bar yi masa addu'a ba, in kuma akwai laifi ina roƙon Allah gafara. Amma dariyar nan ita ce ta farko a gidan tun watan Muharram, kuma ba zan ce miki na yi nadamarta ba.

Da muka yi nisa sai na fara gane dabarar masu wasan. Suna sa ki ji kamar ke ke tuƙa labarin, alhali yawancin ƙofofin ba sa buɗuwa, waɗanda ke buɗuwa kuma duk ƙasa suke gangarawa da ke. Lokacin da Inna ke mana tatsuniya, in yarinya ta nufi inda aka hana ta sai dai mu toshe baki, ba ruwanmu. Nan kuwa hanya ɗaya suka shimfiɗa, amma sun sa hannunki a ciki, don in abu ya ɓaci ki ji ke kika jawo. Muka bi rubutunsa shafi-shafi har faifai na huɗu. Mutanen duk sun ƙare, saura Rozalin ita kaɗai a ɗakin inji, ruwa ya kai mata gwiwa. A hagunta ƙofar rumbun kaya ce, muryar Tomas na fitowa daga bayanta, yana kuka yana cewa da ransa, ta buɗe masa. A damanta tsani ne zuwa sama, inda kwalekwale ɗaya ya rage. Na juya shafi in ga me ya ce. Layi ɗaya ne. Ya ce bai san wanda zai bi ba, sai Juma'a in Allah Ya kai mu. Ya sa kwanan wata, ɗaya ga Mayu, Juma'arsa ta ƙarshe a duniya. Sauran littafin fari fat.

Afnan ta saki mawus kamar ya ƙona ta. Kwana goma sha biyu muka yi a wurin nan. Kullum bayan azahar ta kunna ta zauna, matar nan na tsaye cikin ruwa, muryar na ta kira, ita kuma ba ta taɓa komai. Abinci ya koma loma biyu. Na ce to a kashe a huta, ta ƙi. Na ce to ta zaɓa, ta ƙi. A rana ta tara ne ta gaya mini dalili, rabi Hausa rabi Larabci. Ta ce duk inda muka bi zuwa yanzu Baba ya riga mu bi, kamar yana gabanmu ne da tocila. In ta danna, za ta shiga inda bai taɓa zuwa ba, ta bar shi a baya. Kuma zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba, ni ma muryar nan ta fara shiga mini. Ina kicin da rana tsaka sai in ji kamar an kira ni daga falo, yadda yake jan ƙarshen sunana in yana neman silifas ɗinsa. Sau biyu na buɗe baki zan amsa.

Abin da ya fitar da mu wani abu ne da shi marigayin ya tsallake. Kin san shi da gaggawa, ba ya son dogon zance. A faifai na farko akwai kaset a ɗakin Tomas, saƙon murya da ya ɗauka wa yayarsa bai samu aikawa ba. A littafin ya rubuta cewa surutu ne kawai, a wuce, mu ma muka wuce. Ina tankaɗe sai abin ya faɗo mini, na ce masu labarin nan ba za su ɗauki mutum yana magana minti uku a banza ba. Na sa Afnan ta mayar da mu baya muka saurara har ƙarshe. Ba wani sirri a ciki, hirar gida ce, yana tambayar karensu, yana tsokanarta. Amma daga farko har ƙarshe Rozi yake ce mata, ko sau ɗaya bai faɗi cikakken sunanta ba. Muka koma ɗakin inji. Muryar da ke bayan ƙofa Rozalin take kira, Rozalin, Rozalin. Afnan ta daɗe tana saurare, sannan ta ce wannan ba shi ba ne, shi ya riga ya tafi. Ta kama hannuna ta ɗora a kan mawus, ta ɗora nata a sama, muka danna tsani.

Kada ki ɗauka wani daɗi aka nuna mana. Rozalin ta hau, ta kwance kwalekwale, ta yi ta tuƙi, muryar na bin ta a kan ruwa, tun tana roƙo har ta koma zagi, ita kuwa ba ta waiga ba. Hazo ya yaye, gari ya waye, babu tudu ko ta ina, ruwa ne kawai. Ta ajiye sandar tuƙi ta zauna. Sai sunayen 'yan wasa suka fara hawa. Afnan ta yi fushi, ta ce wane irin labari ne wannan da ba a nuna ko an cece ta ba. Na ce ni ma ban sani ba. Ta ɗauki biro, ta tambaye ni yadda ake rubuta tsani, ta rubuta a ƙarƙashin layin babanta da harufanta karkatattu cewa Baba, tsani ake bi. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa, a cinyata, har aka kira la'asar muka tashi. Tun ranar ba mu sake kunnawa ba. Na aika wa Ubaidullah ya turo a ɗauki kwamfutar. Littafin dai yana cikin jakar Afnan.

Yanzu ga maganar da ta fi wannan nauyi. Iƙamarmu, takardar zamanmu a ƙasar nan, a jikin ta marigayi take rataye, shi kuma babu shi. Ubaidullah ya yi ta zirga-zirga a ofishin takardu, ya samo mana izinin zama har in fita takaba da 'yan kwanaki a kai. Suhaila ta ce za su iya ɗaukata a matsayin mai aikin gidansu, amma an gaya musu a hakan ba zan iya riƙe Afnan a ƙarƙashina ba. To kin ga babu abin zaɓa a nan. Za mu taho. Shekara goma sha shida na yi a garin nan, Afnan kuwa nan aka haife ta, Gusau sau ɗaya ta gani tana goye. Ranar da na fita, in Allah Ya yarda, Harami zan fara zuwa, daga nan in tsaya a bakin katangar Baƙi'a, tunda mata ba sa shiga. Ubaidullah ya ce ba zai iya nuna mini kabarin ba, babu suna a kan ko ɗaya, amma zai nuna mini ɓangaren da yatsa. Da wannan zan yi bankwana.

Abin da nake roƙonki, Yaya, ki sa Malam ya raka ki Mafara ki karanta wa Alhaji Maigandi takardar nan duka, kada ki tsallake inda aka yi dariya. Ƙaninsa ne, ya san bakinsa, zai gane maganganun nan nasa ne. Ban musa haƙƙinsu a kan Afnan ba, jininsu ce, zan kai ta da kaina ta gaishe su, in ta saba ta riƙa zuwa hutu. Amma yarinyar nan yanzu ta fara cin abinci, yanzu ta fara haɗa magana da Hausa. In aka sauke ta daga jirgi aka sa ta a mota zuwa gidan da ba ta san kowa ba, za ta sake yin shiru, kuma wannan karon ba na kusa. Ki ja wa yaranki kunne kada su yi mata dariya, har yanzu takan mayar da mace namiji in tana magana. Kuma ranar da za mu sauka Kano kada a turo maza kawai. Ki zo da kanki, ko da za a bar wa 'yarki Hajo Inna na yini ɗaya. Jiya Afnan ta tambaye ni ta yaya za ta gane ki a cikin taro. Na ce ta nemi matar da ta yi kama da ni, amma ta fi ni tsawo ta fi ni faɗa. Kada ki sa in yi mata ƙarya.

Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a, kuma kada a gaya mata maganar Mafara sai kin dawo. Ina gaida Malam Rilwanu da godiya, ina gaida Hajo da jaririnta da ban gani ba tukuna, da Yahya da Lubabatu da auta. Badaru zai ba ki ƙullin dabino biyu, baƙin na Inna ne, ɗayan ki tafi wa Alhaji Maigandi da shi. Afnan na gaishe ku, ta ce in faɗa miki ita ta bi Suhaila kasuwa ta zaɓo su. Allah Ya jiƙan wanda ya riga mu, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Mariyamu